Shin Sai an Gurje Zobban Madubin Bindiga Kafin a Ɗaura Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ina da bindigar iska mai sifirin, irin wadda ake karya hancinta a ɗana ta, mai cin dalma ta milimita 5.5, kuma da lasisina. A gidan kajina da ke hanyar Zariya nake amfani da ita saboda gafiyoyi, wani lokaci kuma in yi harbin allo. Na sayi madubin saiti 3-9x40, mai ƙara girman abu sau 3 zuwa 9, da zobba biyu na alminiyam masu riƙe shi a kan bindiga. Duk sanda na yi saiti ba ya kwana biyu sai ya gudu, da na kwance madubin kuma sai na ga zobban sun yi wa jikinsa shaida. Na ga bidiyoyi ana zura sandar ƙarfe da man gurza a cikin zobba ana gogawa kafin a ɗora madubi. Wani abokina bakanike a Ƙofar Ruwa ya ce zai ba ni man gurza bawul da guntun ƙarfe in yi. In yi, ko in bari?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Ka dakata tukuna, kada ka karɓi wannan guntun ƙarfen. Daga yadda ka kwatanta, ba na jin gurza ce maganin abin da ke damunka, kuma idan ka yi ta da kayan da aka yi maka tayi, zobban za su fi yadda suke yanzu lalacewa. Na yi aikin gyaran makamai kafin na ajiye aiki, na gurji zobba kuma na ga amfanin hakan da idona, saboda haka ba ƙin abin nake yi ba. Sai dai magani ne na cuta guda ɗaya tak, kuma ana iya auna cutar a gani kafin a taɓa komai.

Abin da ake nema da gurzar shi ne zobe na gaba da na baya su zama rami ɗaya miƙaƙƙe, yadda bututun madubi zai kwanta a ciki ba tare da an tanƙwara shi ba. Abokinka ya san aikin, don shi ne abin da yake yi idan ya shafa wa bawul mai yana murza shi a mazauninsa har fuskokin biyu su haɗu ruf. A nan ana samun sandar baƙin ƙarfe mai kauri daidai da bututun madubi, a shafa mata mai mai yashi-yashi, a zura ta a zobban da aka riga aka ɗaure a kan bindiga, a yi ta kai da kawowa har tudun da ke ciki ya cinye.

Dalilin damuwa da wannan yana cikin madubin ne. Bututun da kake gani na alminiyam ne, kuma kaurin bangonsa a yawancin madubai bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba. A cikinsa akwai wani ƙaramin bututu mai ɗauke da gilasai, wanda maɓallan saiti biyu, na sama da na gefe, suke turawa, wani ɗan sifirin kuma yana tokare shi ta ɗaya ɓangaren. Idan zobba suka karkace aka kuma ɗaure su da ƙarfi, bututun waje yana ɗan lanƙwashewa ko ya motse, sai na cikin ya kasa motsi yadda ya kamata. Alamomin sanannu ne: abin da ake murzawa a jikin madubi a ƙara girma ya yi tauri, ka murza saiti ka harba ba ka ga canji ba sai a harbi na biyu ko na uku ya yi tsalle, ko ka kwance ka ga bakin zobe ya yanki jikin bututu ta gefe ɗaya kawai.

Karkatar da ake magana a kai ba wadda ido ke gani ba ce. Ka ɗauka tsakanin zobbanka akwai milimita 100. Idan na baya ya fi na gaba tudu da milimita 0.1, wato kamar kaurin takardar rubutu, madubin ya karkata da abin da zai kai santimita 10 a nisan mita 100, ko santimita 2.5 a mita 25. Wannan kaɗai ba matsala ba ce, maɓallan saiti za su iya cinye shi. Matsalar ita ce zobban ba su karkata tare da bututun ba, kowanne yana tsaye a miƙe a inda yake, sai bututun ya zauna a kan bakin zobe maimakon cikinsa. Da ka ɗaure murfi, wato rabin zoben na sama, wannan bakin ne zai nutse.

Al'adar gurzar ta samo ƙarfi ne a zamanin da ake ɗaukar tsofaffin bindigogin soja irin su Mauser 98 da Lee-Enfield, waɗanda ba a ƙera su don madubi ba, a huda bayansu da hannu a ɗora mazauni guda biyu, wato ƙarfen da zobba ke zama a kai, ɗaya gaba ɗaya baya. Ramukan ba lallai su hau layi ɗaya ba, bayan bindigar ma an goge shi da hannu, wani wuri ya fi wani tudu. Ga kuma zobba irin na Redfield da Leupold na da, waɗanda na gaba ake murza shi ya shige mazauninsa, na baya kuma noti biyu ke tura shi hagu da dama. A irin wannan haɗi da wuya a samu layi ɗaya ba tare da an sa hannu ba, gurza kuma tana biyan kuɗinta. Yanzu abubuwa sun canja. Injinan da kwamfuta ke sarrafawa suna yanka zobba biyu tare, ga kuma mazauni guda ɗaya dogo mai tsaga-tsaga irin Picatinny, wanda sojan Amurka suka tsayar da ma'auninsa a 1995, faɗin kowace tsaga milimita 5.23. Zobba masu kyau a kan miƙaƙƙen mazauni guda ɗaya ba su bukatar gurza, kuma kamfanoni da dama suna faɗa a takardarsu cewa kada a yi, wasu ma garantinsu ya faɗi idan an yi.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, zobe ba ya karkacewa shi kaɗai sai nadiran. Yawanci abin da yake zaune a kai ne ya karkace. Wanda ya gurji zobe alhali mazauni ne mai laifi ya cinye lafiyayyen ƙarfe don ya biya wa mara lafiya. Aikin zai yi kyau a wannan bindigar, a wannan gurbin, amma daga ranar zobban sun zama nata ita kaɗai. Ba za ka mayar da su kan wata ba, ba za ka matsar da ɗaya gaba da tsaga ɗaya ba, ba za ka ma juya murfi ba.

Taka bindigar tana da halinta daban. Mazauninta ba ɗaurawa aka yi ba, tsaga biyu ce aka yanka a jikin bututun sifirin, faɗinsu milimita 11, kuma tun da a injin ɗaya aka yanke su lokaci ɗaya, da wuya su karkace. Abin da na fi gani shi ne a sayo zobban da aka yi wa tsagar inci uku bisa takwas, wato milimita 9.5 ta ƙananan bindigogin .22 na Amurka, a matsa su a kan ta milimita 11. Za su kama, amma haƙorin gefe zai tsaya a karkace, zoben ya kauce daga tsakiya, kuma ba lallai biyun su kauce daidai da juna ba. Ka duba ta baya da kyau: idan farantin da ke matsewa ya kwanta a gicciye maimakon ya tsaya a miƙe, to ga inda shaidar jikin madubinka ta fito. Wasu zobban farantin nasu yana da fuska biyu, a juya shi sama ko ƙasa gwargwadon faɗin tsaga. Ka gwada juyawa kafin komai.

Gudun saitin kuma, na fi zargin shurin bindigar. Bindigar harsashi baya kawai take shuri. Mai sifirin sau biyu take yi: idan fistin ya tashi gaba bindiga ta ja baya, idan ya isa ƙarshe ya tsaya kuma ta fizga gaba da ƙarfi, duk kafin dalma ta gama fita. Wannan fizgar ta biyu ita ke sa zobba su riƙa jan jiki baya a kan tsaga kaɗan-kaɗan, kuma ita ke kashe madubin da ba a yi shi don bindigar sifirin ba, ko da yana jure babbar bindigar farauta. Gwajin ba ya cin ko sisi. Ka sa fensir ka ja layi a jikin bututun madubi daidai bakin kowane zobe, ka ja wani a jikin bindiga daidai ƙafar zoben baya, ka harba dalma talatin zuwa hamsin, ka duba. Idan layin jikin bindiga ya ɓace a ƙarƙashin ƙafar zobe, zobban ne ke tafiya, kuma gurza cikinsu ba ta da abin da za ta yi wa ƙafarsu. Maganin shi ne ɗan ƙusar tsayarwa. Ka duba saman bindigarka ta baya, yawancin masu sifirin suna da rami ɗaya ko biyu ko uku a tsakanin tsagogin, zoben baya kuma yana da ɗan noti a tsakiyar gindinsa da ake saukarwa ya shiga ramin. Mutane da yawa ba su san amfaninsa ba, wasu har cire shi suke yi. Ka saukar da shi ya shiga, kada ya taɓo ƙasan ramin har ya ɗaga zoben, ka ja zoben ya koma baya har notin ya jingina da bakin ramin na baya kafin ka ɗaure.

Akwai kuma abin da ke damun masu karya hanci musamman. Da yawansu hancin yana ɗan duban ƙasa idan aka gwada shi da layin tsagar madubi, sai dalma ta riƙa faɗuwa ƙasa sosai, mai bindiga ya yi ta murza maɓallin sama har ya kusa ƙurewa. A can ƙarshen, sifirin ɗin da ke tokare bututun ciki ya saki, ba ya riƙe shi da ƙarfi, kowane harbi sai ya ɗan motsa. Ka ƙirga: murza maɓallin sama har ƙarshe a hankali kana lissafa 'yar ƙarar ƙas-ƙas da yake yi, idan abin da ya rage bai kai kashi ɗaya bisa huɗu na dukan tafiyarsa ba, ka sami ɓarawonka. A nan ne mutane ke yanka gwangwanin lemo su cusa a zoben baya don su ɗaga shi. Falle ɗaya, mai kaurin kusan milimita 0.1, ba zai yi ɓarna ba. Amma na sha ganin an jera uku ko huɗu an ɗaure tamau, wato mutum da hannunsa ya ƙirƙiro karkatar da ake gurza don a kawar. Abin da ya dace shi ne mazauni guda ɗaya mai zobba biyu a jikinsa wanda aka ƙera bayansa da ɗan tudu saboda wannan matsalar, irin waɗanda Sportsmatch na Ingila da wasu kamfanoni ke yi. Da za ka tambaye ni inda za ka sa kuɗinka, nan zan ce. Ƙafarsa doguwa ce mai noti uku ko huɗu, tana da ƙusar tsayarwa, kuma zobbansa tare aka huda su, babu zancen gurza.

Kada ka manta da notunan da ke riƙe ƙarfen bindiga da katakonta, biyu a gaba ɗaya ko biyu wajen kunama. Girgizar sifirin tana kwance su, kuma katako yana ƙanƙancewa a bushewar hunturun Kano ya kumbura da damina, saboda haka notin da ka ɗaure a watan Agusta zai iya yin sako-sako a Janairu ba wanda ya taɓa shi.

Idan duk wannan ya fita kana son ka tabbatar ko zobban suna kan layi, ga yadda ake aunawa. Da farko ka tabbata bindiga ba a ɗane take ba kuma babu dalma a ciki. Ka ɗaura ƙasan zobban biyu a gurbinsu, ka cire murafan, ka share ciki. Idan akwai wani baƙin ƙyalle mai gam a manne a ciki, kamar yadda ake sa wa zobban bindigar iska da yawa, ka bar shi, an sa shi ne don riƙo da kare bututu, kuma irin waɗannan ba a gurza su sam. Ka ɗora madubin a hankali ba tare da dannawa ba. Lafiyayyen haɗi za ka ji madubin ya faɗa har ƙasa da kansa, ya juya cikin sauƙi, ya zame gaba da baya ba ya kamawa. Ka danna gabansa da yatsa ka ga ko bayan zai ɗaga. Ka haska tocilan ta ɗaya gefen ka duba ko haske na ratsowa ta ƙarƙashi. Idan kana son shaida a rubuce, ka shafe cikin zobban da tawadar alƙalamin maka, ka sa sanda miƙaƙƙiya mai kaurin bututun ka juya ta sau kaɗan, inda tawada ta goge nan ne kawai ake taɓawa. Idan ta goge a bakin gaba na zobe ɗaya da bakin baya na ɗayan, akwai karkata. Idan ta goge ko'ina a warwatse, lafiya lau.

Ana sayar da wasu sanduna biyu masu tsini da ake ɗaurawa a zobba a ga ko tsinin zai haɗu. Suna da amfani, amma suna ruɗi, domin tsini biyu za su iya haɗuwa a wuri ɗaya alhali sandunan kowacce ta fito ta kusurwarta. Na fi yarda da a juya su gindi da gindi, a duba ko fuskokin biyu sun haɗu ruf ko sun buɗe ta gefe ɗaya.

To a ina gurza take da wuri? A bindigar harsashi mai mazauni biyu rabe, ko mai zobban murzawa irin na da, wadda aka auna aka ga karkata, aka sassauta aka sake zaunar da komai karkatar ba ta tafi ba. Ko a zobba masu araha waɗanda cikinsu ke da kaushi da tudun fenti. Ko a nan ma, idan mazauni guda ne dogo kuma ka ga idan ka ɗaure notunan gaba bayansa yana ɗagawa ya bar rata, ba zobe za a taɓa ba. Ana shafa wa bayan bindiga da notuna man takalmi marar launi don kada gam ya kama su, a sa gam mai haɗi biyu irin Araldite mai jinkirin bushewa a ƙarƙashin ɓangaren da ya ɗaga, a ɗaure ɓangaren da ya zauna daidai, a bar ɗayan notunan sun shiga kawai ba matsi, a bar shi ya kwana. Gam ɗin ya cike ratar, mazauni ya zauna a miƙe, zobba su hau layi da kansu. Wannan ya fi gurza sau da yawa domin bai rage komai a jikin ƙarfe ba.

Akwai zobban da ba a kusantar su da man gurza ko da an ga karkata. Waɗanda suka rabe a tsaye, hagu da dama, kamar na Warne da aka fi sani, ramin nasu ba ya zama da'ira sai an ɗaure su a kan bututu, gurza tana ɓata su ne kawai. Masu ɗan zoben roba mai tauri a ciki, kamar Burris Signature da Optilock na Sako, robar ce ke juyawa ta bi bututun, sun riga sun magance matsalar ta wata hanya, kuma ba sa barin shaida. Zobban alminiyam masu tsada kuma suna da wata fata mai tauri da ake yi musu da lantarki, wadda ba ta wuce milimita 0.05 ba. Gurza kaɗan ta cinye ta, sai a bar alminiyam tsirara mai laushi.

Sandar ita ce rabin aikin, kuma a nan tayin abokinka ya faɗi. Madubinka 3-9x40 kusan tabbas bututun inci ɗaya ne, wato milimita 25.4. Akwai na milimita 30 da na 34. Sandar milimita 25 da ake samu a kasuwa ta gaza da kusan rabin milimita, za ta ci tsakiyar gindin zobe kawai ta bar gefuna, ta mayar da ramin kamar ƙwai. Fayif ɗin ruwa da ake kira inci ɗaya kuma sunan ne kawai, kaurinsa ta waje ya haura milimita 33, na uku bisa huɗu ma ya kusa 27. Rodin gini ba a ma maganarsa. Sai dai a je wurin masu injin sassaƙa ƙarfe a fere maka sanda mai tsawon kamar santimita 25 zuwa 30, a auna ta da ma'aunin kauri a gaba da tsakiya da baya a ga duk 25.4 ne, a huda tsakiyarta a sa mariƙi. Ka mirgina ta a kan gilashi, idan tana tsalle ba ta miƙe ba. Madubin ko zoben kaɗai za ka kai musu su auna. Kada ka ɗauki bindiga ka shiga da ita kasuwa, kuma duk aikin da ya kai ga huda ko yanka jikin bindigar kanta, na wanda hukuma ta ba izinin gyaran makamai ne. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar iska a jerin waɗanda sai da lasisin 'yan sanda, gyaranta ma ba kowa aka yarje wa ba.

Man gurza bawul yakan zo a gwangwani mai baki biyu, mai kaushi da mai laushi. Mai kaushin an yi shi ne don ƙarfen inji mai tauri, a kan alminiyam kamar garma yake. Kayan gurzar zobba da ake sayarwa a haɗe, irin na Wheeler, suna zuwa da mai lamba 220. Idan dole ne, mai laushin kawai, kuma ɗan kaɗan.

Yadda ake yin ta, ga wanda awo ya nuna yana bukata: a kafa bindiga ta zauna daram, a rufe duk wata kafa ta jikinta da tsumma da salatif, domin yashin nan idan ya shiga wurin kunama ko cikin bututun sifirin ya zauna ke nan yana ci. A ɗaure ƙasan zobba a gurbinsu na dindindin da ƙarfin da za su zauna da shi. A yi wa kowane murfi alama, na gaba da na baya, da kuma fuskar da ke duban gaba. A shafa mai a sanda, a ɗora, a sa murafai a ɗaure su kaɗan yadda sanda za ta iya motsi da ɗan nauyi. A tura gaba a jawo baya ana ɗan murzawa, ba a danna gefe ɗaya. Bayan kamar sau ashirin a tsaya, a kwance, a share, a duba. Inda ya yi fari nan aka ci. Idan farin ya kai kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na ƙasan zoben, an gama. Masu neman ya yi fari fat gaba ɗaya su ne ke wuce gona da iri, garin neman gira a rasa ido. Abin lura shi ne ratar da ke tsakanin murfi da ƙasan zobe. Wannan ratar ita ce riƙon. Duk abin da aka gurje daga ciki yana rage ta, kuma ranar da murfi ya haɗu da ƙasa ƙarfe da ƙarfe, noti zai ɗauru tamau amma madubi yana yawo a ciki. Zoben ya mutu, sai sabo.

Wankewa kuma ba a yi mata ha'inci. A kwance zobban, a wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori, a bi da sifirit, a wanke ramukan noti da notunan kansu. Ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale a alminiyam za ta zana bututu. Zobban baƙin ƙarfe da aka cinye musu baƙin rini suna tsatsa da damina, sai a shafa mai a goge shi har ya zama kamar babu, domin mai da yawa yana sa madubi zamewa.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi karkatar zobba kashe madubai a garin nan: hannu. Alankin da ke zuwa da zobba yana da dogon hannu, mutum ya kama dogon ya murɗa har sai ya ji ya ƙi tafiya. Notunan murfi ba su son haka. Yawancin kamfanoni suna faɗin ƙarfin ɗaurin ya zama inci-fam 15 zuwa 18, wato kusan nutan-mita 1.7 zuwa 2. Ka lura, inci-fam ne, ba ƙafa-fam na sifanar awon bakanike ba, wanda ya ninka shi sau 12. Idan ba ka da sukudireba mai awo, ka zura dogon ɓangaren alankin a noti ka riƙe gajeren da yatsu biyu, iyakar abin da yatsu biyu za su iya ba tare da ka cije baki ba ya kusa isa. Ka riƙa ɗaurawa a gicciye, rubu'in juyi a nan rubu'i a can, kana duba ratar hagu da ta dama su zama daidai. Kada ka sa gam ɗin noti ko mai a notunan murfi, domin jiƙaƙƙen noti yana matsewa fiye da abin da awo ya nuna. Kada kuma zobe ya matsu da kumburin tsakiya inda maɓallan suke, ko da wuyan gaba inda bututu ya fara buɗewa, ka bar aƙalla faɗin rabin yatsa. Notunan ƙafa su ne ke son ƙarfi fiye da na murfi, kuma kowane kamfani da adadinsa a takarda.

Shaidar da ka gani a jikin madubinka ma tana magana idan ka karanta ta. Idan zobe ne cikakke ya zagaye bututun, gaba da baya iri ɗaya, matsi ne ya yi yawa. Idan dogayen zane ne a tsaye tare da tsawon bututun, zamewa ya yi. Idan kuwa yanka ne kamar jinjirin wata a gefe ɗaya na zoben gaba da kishiyar gefen a zoben baya, wannan ce karkata. Ka shafa da farce: in fenti ne kawai ya goge, madubin lafiyarsa ƙalau. In ka ji kwari, ka gwada shi kafin ka ƙara kashe masa kuɗi. Ka manna gilashin gabansa a jikin madubin duba fuska a wuri mai haske, ka leƙa, za ka ga gicciyen saiti biyu, na gaske da inuwarsa. Ka murza maɓallan har su hau kan juna, wannan ita ce tsakiyar madubin. Daga nan ka murza maɓalli ya yi ƙara sau ashirin sama, ashirin dama, ashirin ƙasa, ashirin hagu kana kallo. Idan inuwar tana tafiya sumul ta dawo inda ta tashi, cikin bai taɓu ba. Idan tana tsayawa sannan ta yi tsalle, ko ta ƙi dawowa, an riga an ji masa, kuma babu zoben da zai gyara shi. In za ka sayi wani, ka tabbata an rubuta cewa yana jure bindigar iska mai sifirin.

Idan ka sake ɗaurawa, ka yi gwajin da dalma iri ɗaya daga gwangwani ɗaya, da safe kafin iska ta tashi, a mita 20 zuwa 25, bayan allon kuma ya zama bango ko tudun ƙasa. Ka ɗora gaban bindigar a tafin hannunka a buɗe, kada ka damƙe ta kuma kada ka ɗora katakonta kai tsaye a kan bulo ko tebur, domin mai sifirin tana son ta yi motsinta iri ɗaya kowane harbi, in ka canja riƙo wurin faɗuwar dalma ya canja ko da madubi bai motsa ba. Ka harba biyar-biyar kafin ka taɓa maɓalli, ka ajiye takardun allon da kwanan wata a jiki. In bayan sati biyu layukan fensir suna nan inda ka ja su amma saiti ya sake gudu, ka turo mini hoton takardun da na ƙafar zobban ta baya, sai mu duba notin da hancin ke juyawa a kai da robar bakin hancin.